Théodore Monod: Baturen da ya tono kayan ayarin da ya ɓata a hamada

Duk wanda ya taɓa aika kaya ya zauna jiran labari ya san yadda zuciya take yi. To, akwai fataken da suka yi jiran wani ayari sama da shekara 800 da suka wuce, kayan ba su iso ba. Sai a 1964 aka tono su cikin rairayin Muritaniya. Mutumin da ya yi wannan aiki shi ne za mu kawo muku tarihinsa yau.

An haifi Théodore Monod ran 9 ga Afrilu 1902 a garin Ruwan na ƙasar Faransa. Mahaifinsa limamin coci ne. Abin mamaki, ba da yashi ya fara ba, da kifi ya fara. A 1922 gidan binciken halittu na Paris ya ɗauke shi aiki, aka tura shi bakin tekun Muritaniya, garin da yau ake kira Nuwadibu. Da zai koma, sai ya hau raƙumi ya bi ƙasa har Sanluwi ta Senegal. Tun daga nan hamada ta kama shi. A 1927, a arewacin Mali, shi da abokin tafiyarsa suka sami ƙasusuwan wani mutum da ya rayu dubban shekaru da suka wuce, wanda masana ke kira mutumin Aselar.

A 1938 aka ba shi shugabancin cibiyar bincike ta IFAN a Dakar, ya riƙe ta har 1965. Ba za mu ɓoye ba, cibiyar ta ƴan mulkin mallaka ce. Amma mutanen da suka yi aiki cikinta sun bar abin da har yau ake mora. Raymond Mauny ya yi tono a Kumbi Sale, inda ake zaton nan ne babban birnin tsohuwar daular Gana. Amadu Hampate Ba ya shiga a 1942 da taimakon Monod, ya bi tsofaffi yana rubuta tarihin baka na Fulani. Shaihu Anta Diop ya kafa ɗakin auna shekarun ƙashi da gawayi. Reshen Yamai kuwa an buɗe shi a 1944, Bubu Hama ya shugabance shi cikin shekarun 1950, kuma shi ne asalin cibiyar IRSH.

Yanzu mu koma ga ayarin. Akwai wani yanki tsakanin Muritaniya da Mali mai suna Majabatul Kubra, inda mutum ke yin kusan kilomita 900 bai ga rijiya ba. Monod ya ratsa shi bisa raƙumi, da ruwan salka kaɗai, tare da ƴan rakiya Larabawan yankin waɗanda su ne suka san hanya. Mutanen wurin ne ma suka fara ba da labarin wani tudu mai ƙarfe a ciki, Ma'adin Ijafen. Da ya je ya tona, sai ga sandunan tagulla 2085 an ɗaure su ɗauri-ɗauri, kowace ta kai kusan santimita 70, nauyinta ya kusa rabin kilo. Idan muka yi lissafi, wajen tan ɗaya ke nan, kayan raƙuma biyar ko shida. Kusa da su kuma ga tarin wuri.

Wurin nan ya kamata mu tsaya a kansa. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya yake fitowa. Ku dubi nisan: ya ƙetare teku, ya bi hannun ɗan kasuwa bayan ɗan kasuwa har arewacin Afirka, sannan ya hau raƙumi ya nufo ƙasar baƙar fata. Irinsa ne kakanninmu suka riƙa ƙirgawa a kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano kafin zuwan Bature, kuma kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce. Da aka auna igiyoyi da tabarmin da aka naɗe kayan, an gano sun kai wajen ƙarni na 12. Da alama masu ayarin sun sauke kaya sun binne, da niyyar su dawo. Ba su dawo ba.

Abin lura, da wani ya riga shi ya kwashe sandunan nan ya kai wa maƙera, da an narke su an yi mundaye, labarin ya tafi ke nan. Igiyar da ba ta da daraja a kasuwa ita ce ta faɗi shekarun. Irin wannan asara muka yi a Bura, yankin Tera, inda bayan tonon da Bube Gado ya yi a 1983 masu neman kuɗi suka fasa kaburbura suka sayar da gumakan yumɓu ga dillalan waje, duk da dokar 1997 da ta hana.

Shi kansa Monod mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya cin nama, ba ya shan giya ko taba, yana azumi kowace Juma'a. A 1960 ya sa hannu a takardar mutum 121 da suka ƙi yaƙin da Faransa ke yi a Aljeriya. Duk watan Agusta kuma yakan yi azumin kwanaki don nuna adawa da bam ɗin nukiliya.

Ba kullum ya dace ba. Tun 1934 yake neman wani ƙaton dutsen ƙarfe da wani sojan Faransa ya ce ya faɗo daga sama kusa da Shingiti. Ya koma sau da yawa har cikin tsufa, bai same shi ba. Yana da shekara 91, idonsa ya yi rauni ƙwarai, ya sake hawa raƙumi a Muritaniya. Ya rasu ran 22 ga Nuwamba 2000 a Basay, kusa da Paris, yana da shekara 98.