Haruna Taziyef, masanin dutsi mai aman wuta

Ɗan uwa, ka san akwai duwatsu masu aman wuta? Haruna Taziyef, sanin su ne aikinshi.

An haife shi a Polonya a 1914. Ya yi karatun noma da ma'adinai a Beljik. A 1948, a Kongo, ya fara ganin dutsi na aman wuta. Tun daga nan yake hawa duwatsu, yana auna hayaƙinsu.

A 1976, a tsibirin Gwadalup, aka kwashe mutum fiye da 70.000 don tsoron wani dutsi. Shi kuwa ya duba, ya ce babbar fashewa ba ta kusa. Aka tsige shi. To, fashewar ba ta zo ba.

A 1984 Faransa ta naɗa shi ƙaramin ministan rigakafin bala'i. Ya rasu a 1998.