Mongo Beti, marubucin Kamaru da aka haramta littafinsa sau biyu

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa kudancin ƙasar Kamaru, mu kawo muku tarihin marigayi Mongo Beti, marubucin littattafan hikaya da harshen Faransanci. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa tauye wa awo a bakin sikeli, ko aka ƙwace masa kaya da sunan doka, zai gane abin da ya sa wannan mutum ya ɗauki alƙalami.

Sunansa na yanka Alexandre Biyidi Awala. An haife shi a shekara ta 1932 a ƙauyen Akometam, kusa da garin Mbalmayo da ke kudu da Yawunde. Mongo Beti sunan rubutu ne, ma'anarsa ɗan ƙabilar Beti. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ce ta yi fama da shi. An sa shi makarantar mishan ta Katolika, amma aka kore shi saboda gardamarsa da malaman coci. Ya ƙarasa sakandare a Yawunde, ya wuce Faransa ƙaro ilimi a 1951.

Littafinsa na farko, Ville cruelle, wato Mugun Birni, ya fito a 1954 da sunan Eza Boto. Labarin wani saurayi ne mai suna Banda, wanda ya noma koko, irin wanda ake yin cakulan da shi, ya ɗauko shi zuwa birnin Tanga don ya sayar ya biya kuɗin aure, ya cika burin mahaifiyarsa mara lafiya. Kafin kaya su kai ga masu saye, waɗanda yawancinsu Girkawa ne, sai ma'aikatan gwamnati sun duba ingancinsu. Nan suka ce kokon Banda ba shi da kyau, suka karɓe shi. Wahalar shekara guda ta tafi a wuni ɗaya, ba kuma inda zai kai ƙara. Da wannan labari marubucin ya nuna yadda mulkin mallaka ya tsara kasuwa: manomi na da gumi, wasu na da sikeli da hatimi.

Littafi na biyu, Le Pauvre Christ de Bomba, na 1956, shi ya fara jawo masa fushin manya. Ya ba da labarin wani limamin coci Bature da ya yi shekara 20 yana wa'azi, daga baya ya gano cewa gidan da ake ajiye 'yan mata a mishan don shirya su aure ya zama wurin aikin dole da lalata da su. Shugabannin coci suka matsa, aka hana littafin a Kamaru. Duk da haka wanda ya biyo baya, Mission terminée, ya ci lambar yabo a Faransa a 1958.

Daga nan ya yi shiru har shekara 14, yana koyarwa a makarantun sakandare na Faransa, musamman a birnin Rouen. Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960 ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, mutumin Garwa, amma a ganin Mongo Beti, Faransa ce ta ci gaba da riƙe akalar ƙasar. A watan Janairu na 1971 aka harbe Ernest Ouandié, jagoran 'yan adawa na jam'iyyar UPC, a bainar jama'a a garin Bafusam. Wannan ya sa ya rubuta Main basse sur le Cameroun a 1972, inda ya zargi gwamnatin Ahijo da masu mara mata baya a Faris. Wannan karon gwamnatin Faransa da kanta ta haramta littafin, aka kwashe shi daga shaguna. Shi da mawallafinsa suka shiga kotu, sai a 1976 aka ɗage haramcin.

Bai ja da baya ba. A 1974 ya fitar da Remember Ruben, don tunawa da Ruben Um Nyobè, wanda sojojin Faransa suka kashe a 1958. A 1978 shi da matarsa Odile Tobner suka kafa mujallar da ta riƙa fallasa danniya a ƙasashen Afirka har zuwa 1991. Hatta 'yan uwansa marubuta ba su tsira ba: tun yana ɗalibi ya soki Camara Laye na Gini, don ya rubuta labarin ƙuruciyarsa ba tare da ya nuna zaluncin Turawa ba.

Gaskiya ɗaci gare ta, kuma ya biya farashinta. Shekara 32 bai taka ƙasarsa ba, sai a 1991, zamanin Paul Biya. Da ya yi ritaya a 1994 sai ya dawo gida ya zama ɗan kasuwa: ya buɗe shagon sayar da littattafai a Yawunde, ya kuma gwada ayyukan noma da kiwo a ƙauyensu. Abin da ya gani da idonsa na cin hanci da ruɓewar hukuma shi ya zuba a littattafansa na ƙarshe, a 1999 da 2000.

Mongo Beti ya rasu a asibiti a Duwala a watan Oktoba na 2001, bayan fama da ciwon ƙoda, yana da shekara 69. An binne shi a Akometam, ƙauyen da aka haife shi, matarsa kuma ta ci gaba da riƙon shagon bayansa. Mai karatu da ke da ɗa ko ƙane mai jin Faransanci, ya nemi Ville cruelle a karanta masa labarin Banda da kokonsa.