Richard Feynman, masanin da ya hango iyakar kwamfuta

An haifi Richard Feynman a birnin New York na Amurka a 1918. Lokacin yaƙin duniya na biyu, ya jagoranci wani rukunin masu lissafin bam ɗin nukiliya a Los Alamos, yana tsara musu aiki da injunan IBM. Ya samu kyautar Nobel a 1965.

A 1981 ya bayyana cewa kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra ya fi ƙarfin kwamfutar da aka sani, sai an ƙera wadda ke bin dokokin kwantum. Ya rasu a 1988, kafin a ƙera ta. Yau manhajoji irin su Qiskit na raba lissafi tsakanin kwamfutocin biyu, da fatan gano sababbin magunguna da batura.