Adi Dassler, Badukun Da Ya Bi 'Yan Wasa Har Fili

A makarantarmu da wuya ka sami yaron da bai san takalmin nan mai zane uku a gefe ba, watau Adidas. Wasu suna da shi, wasu kuwa sai dai su yi ta kallonsa a ƙafar 'yan ƙwallo. Amma kaɗan ne suka san cewa sunan mutum aka gutsuro aka raɗa wa takalmin. Tarihin wannan mutum nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, don ina ganin akwai abin da ya shafe mu a ciki, tun ba mu da muke dab da barin makaranta ba.

Sunansa Adolf Dassler, amma Adi ake kiransa. An haife shi ran 3 ga Nuwamba, 1900, a wani ɗan gari na kudancin Jamus mai suna Herzogenaurach, kusa da birnin Nuremberg. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa yana aiki a masana'antar takalma, mahaifiyarsa kuwa wankau take yi a gida. Da ya gama makaranta aka kai shi koyon gashin burodi. Ya koya har ya ƙare, amma hankalinsa ba ya wurin. Abin da ya ɗauke masa rai shi ne wasa: gudu da tsalle da jifan mashi da ƙwallon ƙafa.

A 1918 aka ɗauke shi soja, ana gab da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya komo gida a 1919 ya tarar ƙasa ta talauce, ba aiki, ba kuɗi, har mutane sun daina ba da wanki. Adi bai zauna jiran a kira shi aiki ba. Ya share ɗakin wankin mahaifiyarsa ya mai da shi rumfar dukanci, ya fara da gyaran takalman mutanen gari. Da yake fata ta yi wuya, sai ya riƙa tsintar tarkacen da soja suka watsar, yana yanko fata daga hulunan kwano da jakunkunan guzuri. Wutar lantarki kuma ba ta tsayawa, saboda haka ya haɗa injin gyaran fata da wani keke da aka kafe wuri ɗaya, yaron shagonsa yana taka feda, inji yana juyawa.

Gyaran takalma kowane baduku yana yi. Abin da ya raba Adi da saura shi ne shi ɗan wasa ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san yadda takalmi mai nauyi yake riƙe mai gudu, ya san yadda santsi yake kayar da mai tsalle. Sai ya ƙudura cewa kowane irin wasa ya kamata ya sami takalminsa. Abokin wasansa Fritz Zehlein ɗan maƙeri ne, shi ya riƙa ƙera masa ƙusoshin da ake dasawa a tafin takalmin gudu. Adi ya ɗinka, ya sa a ƙafarsa, ya fita fili ya gwada, ya komo ya gyara.

Wansa Rudolf ya shigo sana'ar, a 1924 suka yi rajistar kamfanin 'yan'uwa Dassler. Allah Ya haɗa su daidai: Adi shiru-shiru ne, gwanin hannu, Rudolf kuwa mai baki ne, gwanin ciniki. Adi bai jira masu saye su gano ɗan garinsu ba. Ya riƙa aika samfuri ga ƙungiyoyin wasa, yana zuwa wurin gasa da kansa yana tambayar 'yan wasa inda takalmi yake matsa su. Ta haka ya shaƙu da Josef Waitzer, mai horar da 'yan guje-guje na Jamus. A wasan Olamfik na 1928 a Amsterdam, Lina Radke ta ci lambar zinariya a tseren mita 800 da takalmin Dassler a ƙafarta.

Wani abin da ya ƙara mini ganin girmansa shi ne, a 1932, yana da masana'anta da ma'aikata, ya koma aji a makarantar koyon aikin takalma da ke garin Pirmasens. Ɗan wasan kirki ba ya daina motsa jiki don ya ci kofi jiya. A can ne ya haɗu da Käthe, wadda ya aura a 1934.

A 1936 aka yi Olamfik a Berlin, Adi ya kwashi takalma ya tafi. Cikin waɗanda takalminsa ya kai gare su har da Jesse Owens, baƙar fata daga Amurka, wanda ya ci zinariya huɗu: mita 100, mita 200, dogon tsalle da tseren miƙa sanda. Daga nan sunan Dassler ya ƙetare Jamus.

To, ba a faɗin alherin mutum a ɓoye aibinsa. A 1933 Adi da 'yan'uwansa sun shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler, wadda ta jawo Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma hallaka miliyoyin mutane. A 1943 aka tsai da ɗinkin takalma, masana'antarsu ta koma yin kayan yaƙi. Bayan yaƙi aka bincike shi, a 1947 aka sa shi cikin sahun mabiya, ba jagorori ba, aka bar shi ya ci gaba da sana'a. Duk da haka tabo ne. Neman kasuwa ba ya wanke mutumin da ya bi azzalumi.

Yaƙin nan kuma ya ƙarasa ɓata tsakaninsa da wansa, kowa yana zargin ɗan'uwansa da cin amana. A 1948 suka raba injuna da ma'aikata. Rudolf ya haye kogin Aurach, wanda ya ratsa garin, ya kafa Puma. Adi ya haɗa sunansa da farkon sunan gidansu ya sami Adidas, ya yi masa rajista ran 18 ga Agusta, 1949, da ma'aikata 47. Gari ya dare biyu, har ya zama sai mutum ya dubi takalminka kafin ya san yadda zai yi magana da kai.

Ranar da Adi ya fi cin ribar bin 'yan wasa ita ce 4 ga Yuli, 1954, a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, wasan ƙarshe na Kofin Duniya tsakanin Jamus ta Yamma da Hangare. Shekara huɗu ba wanda ya ci Hangare, kuma a zagayen farko ta lallasa Jamus 8 da 3. Adi yana tare da 'yan wasan, kusa da mai horar da su, Sepp Herberger. Takalman da ya yi musu marasa nauyi ne, ƙusoshinsu kuma ɗaura su ake yi kamar noti, ana iya kwancewa a sauya. Ran nan aka yi ta ruwan sama, fili ya zama taɓo, sai aka ɗaura wa Jamusawa dogayen ƙusoshi. Cikin minti takwas Hangare ta zura biyu. Jamus ta farke duka, sa'an nan a minti na 84 Helmut Rahn ya ci ta uku, aka tashi 3 da 2. Ban ce takalmi ne ya ci ƙwallo ba, ƙafa ce ta ci. Amma ƙafar da ba ta zamewa ta fi mai zamewa, kuma da Adi yana zaune a ofis da ba wanda ya san da shi a ranar. Daga nan odar takalma ta yi ta zuwa daga ko'ina. Tun daga gasar Meziko ta 1970, ƙwallon da ake buga Kofin Duniya da shi na Adidas ne.

Rudolf ya rasu a 1974, Adi kuma ran 6 ga Satumba, 1978, ba su shirya ba. Maƙabarta ɗaya aka binne su, wannan a wancan gefe, wancan a wannan. Sai a 2009 ma'aikatan kamfanonin biyu suka buga ƙwallon sada zumunci. Mutumin da ya yi wa ƙungiyoyi da yawa takalmi ya kasa zama ƙungiya ɗaya da wansa, wannan kuwa abin tsoro ne ga duk mai shirin haɗa jari da ɗan'uwa.

Malaminmu na wasanni yakan nuna mana cewa gwanin ƙwallo ba ya tsayawa jiran ƙwallo ta same shi. Yakan hangi wurin da ba kowa ya ruga can, sai a ba shi. Ina ganin haka Adi ya yi kasuwanci tun daga ɗakin wanki har Bern. Mu kuwa yawancinmu burinmu mu karɓi takardar shaida mu jira aikin gwamnati, alhali kujerun ofis ba za su ishe mu duka ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in yaro ya komo hutu yana son zama rumfar baduku ko maƙera ko gareji, ko yana son fita fili da yamma, kada a ɗauka lalacewa ce. A dai tsaya a ga yana karatunsa, yana kuma riƙe gaskiya da zumunci. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, amin.