Bobby Jones: Gwarzon wasan golf da fargaba ta sa ya ajiye sanda yana da shekara 28

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ya taɓa shiga ɗakin jarrabawa karatu ya gudu daga kansa, ko matashin da ƙafarsa ta yi sanyi lokacin buga fenareti a filin ƙwallon Kurfi, ya san abin da ya addabi Bobby Jones tsawon rayuwarsa ta wasa.

Jones Ba'amurke ne da ake sakawa cikin manyan gwanayen wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Ya lashe manyan kofuna 13 cikin shekara takwas, sannan ya yi ritaya a lokacin da babu mai iya ja da shi. Babban abin da ya kore shi daga fili shi ne fargaba.

Yaro mai zafin zuciya

An haifi Robert Tyre Jones a ranar 17 ga Maris, 1902 a birnin Atlanta na jihar Jojiya. Ya taso yaro ne mai yawan laulayi. Iyayensa sukan zauna kusa da filin golf na East Lake, inda ya riƙa bin wani ƙwararre ɗan Skotland mai suna Stewart Maiden yana kwaikwayon yadda yake kaɗa sanda.

A wasan golf, ɗan wasa yana bin ramuka 18 yana buga ƙaramar ƙwallo da sanda, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. Tsakanin bugu da bugu akwai doguwar tafiya da jira, lokacin da zuciya ke samun damar saƙe-saƙe.

A 1916, yana da shekara 14, Jones ya kai zagayen kwata fainal a gasar 'yan wasan sha'awa ta Amurka da aka yi a Merion. Jaridu suka ɗauka kofuna za su fara zuwa nan take, amma sai da ya yi shekara bakwai bai ci babbar gasa ko ɗaya ba.

Idan bugu ya ɓaci sai ya yi jifa da sanda yana ashar. A 1921, a gasar Birtaniya da aka yi a St Andrews, wasa ya rikice masa a zagaye na uku. Da ya isa rami na 11 sai ya ɗauke ƙwallonsa, wanda hakan ke nufin ya janye. A wannan shekarar kuma ya jefar da sanda ta sami wata mata 'yar kallo a ƙafa, har George Herbert Walker na hukumar golf ta Amurka ya rubuta masa takardar gargaɗi cewa za a hana shi wasa muddin bai gyara hali ba.

Ranar da ya danne zuciyarsa

Jones ya daina jifa da sanda. Gwajin farko mai tsanani ya zo a 1923 a gasar US Open da aka yi a Inwood. Yana kan gaba, saura ramuka uku, sai hannu ya fara rawa, ya zubar da bugu huɗu. Bobby Cruickshank ya kamo shi, aka ce su sake karawa washegari.

Sun isa rami na ƙarshe kunnen doki. Ƙwallon Jones tana wuri mara kyau, ga ruwa tsakaninsa da ramin. Ya buga ta tsallake ruwan ta tsaya dab da rami, ya ɗauki babban kofinsa na farko.

Bayan shekara biyu, a wannan gasa dai, ƙwallonsa ta ɗan motsa a cikin ciyawa lokacin da yake shirin bugu. Alƙalai ba su gani ba, amma ya dage sai an ƙara masa bugu ɗaya na tara kamar yadda doka ta tanada. Wannan bugun ya sa suka yi kunnen doki da Willie Macfarlane, wanda ya doke shi a karawar raba gardama. Har yau hukumar golf ta Amurka tana ba da lambar yabo ta kyakkyawan hali da sunansa.

Duk wannan yana yi ne ba don kuɗi ba, domin bai taɓa shiga gasa a matsayin ɗan wasan sana'a ba. Ya karanta injiniyanci a Georgia Tech, ya yi adabin Ingilishi a Harvard, daga baya ya zama lauya.

Ciwon da 'yan kallo ba su gani

Fushin ya bar fuskarsa, amma fargabar ta koma ciki. A makon gasa abinci ba ya shiga, yakan yi fama da tashin zuciya, kuma yakan rame sosai kafin a gama. Ɗan jaridar Atlanta O.B. Keeler, wanda ya riƙa bin sa gasa-gasa, yana cikin waɗanda suka bayyana wa duniya wannan hali.

A 1930 ya yi abin da babu wanda ya taɓa yi: ya haɗa manyan kofuna huɗu na zamanin a shekara guda. Ya ci na 'yan sha'awa na Birtaniya a St Andrews, ya ci na Birtaniya na kowa da kowa a Hoylake, ya ci US Open a Interlachen, ya rufe da na 'yan sha'awa na Amurka a Merion cikin Satumba.

A Hoylake, marubucin wasanni Bernard Darwin ya gan shi bayan ya gama zagayen ƙarshe yana riƙe da kofin sha da hannu biyu saboda karkarwa. A Nuwamban shekarar ya sanar da cewa ya bar gasa.

Da a yau ne

A zamanin Jones ilimin halayyar 'yan wasa yana jariri. Sai a 1925 Coleman Griffith ya buɗe ɗakin bincike a kan fannin a Jami'ar Illinois. Jones shi kaɗai ya riƙa lalubo dabarunsa: rage cin abinci ranar wasa, mai da hankali kan bugun da ke gabansa, da yarda cewa kuskure dole ne a kowane zagaye.

Yau manyan 'yan wasa suna tafiya da likitocin halayya, wasu kuma suna amfani da hifnosis. Likita James Braid ne ya yaɗa wannan suna a Manchester a shekarun 1840. Ba tsafi ba ne, kuma mutum ba ya fita hayyacinsa. Ƙwararre yana jagorantarsa ya sassauta jiki, ya daidaita numfashi, ya tattara hankali wuri guda, sannan ya riƙa hango kansa yana yin bugun cikin natsuwa, har jiki ya saba da hakan. Tiger Woods ya yi irin wannan horo tun yana matashi a hannun Jay Brunza, masanin halayya na sojan ruwan Amurka.

Hanyar tana rage wa wasu fargaba, wasu kuma ba ta kama su sosai, kuma ba ta maye gurbin atisaye. Wanda fargaba ta hana shi barci ko cin abinci, asibiti ya kamata ya fara zuwa.

Ƙarshen rayuwa

Bayan ritaya, Jones da Clifford Roberts suka kafa filin Augusta National, inda aka fara gasar Masters a 1934. Filin yana da tabonsa na wariyar launin fata: sai a 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga gasar.

Daga 1948 wata cutar laka mai suna siringomiyeliya ta fara cin jikin Jones, ta kai shi ga sandar dogarawa, daga baya keken guragu. A 1958 garin St Andrews, inda ya taɓa ɗauke ƙwallo cikin fushi, ya ba shi matsayin ɗan gari na girmamawa. Kafin shi Benjamin Franklin ne kaɗai Ba'amurken da ya samu.

Ya rasu a Atlanta ranar 18 ga Disamba, 1971, yana da shekara 69, bayan fiye da shekara 20 yana jinya. Waɗanda suka zauna da shi a wannan lokaci sun fi tunawa da haƙurinsa, halin da aka rasa gare shi lokacin yana matashi.