Dakta Cicely Williams, likitar da ta fito da sunan cutar yaye

A ƙauyukan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, inda masara ce ƙashin bayan abinci, da wuya a sami tsohuwar da ba ta san kamannin yaron da aka yi wa rurrutsa ba: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya tsinke, fata ta riƙa saɓulewa, ga zawo, ga ƙin abinci. Wadda ta fara bayyana wannan nau'in tamowa filla-filla a rubuce-rubucen likitanci ita ce Dakta Cicely Williams, kuma a Afirka ta Yamma ta yi aikin.

An haife ta ranar 2 ga Disamba, 1893, a gundumar Westmoreland ta tsibirin Jamaika. Ta shiga Jami'ar Oxford a lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe samari aka buɗe wa mata ƙofar karatun likita, ta kammala a 1923. A 1929 gwamnatin Birtaniya ta tura ta Gold Coast, wato Gana ta yau.

A asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Akara ta lura cewa yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu na zuwa a kumbure suna mutuwa, kuma kusan dukkansu an yaye su ne a kan kunun masara zalla. Sai ta yi abin da likitocin Turawa na zamanin ba su cika yi ba, ta tambayi ma'aikatan jinya da kakanni sunan ciwon. Suka ce kwashiorkor, wanda a harshen Ga ke nufin ciwon yaron da aka ture daga nono saboda zuwan ƙani. Ashe iyaye mata sun riga littafi gano cewa sabon ciki da yayen gaggawa su ne mafarin abin.

Ta wallafa bayanin cutar a 1933, sannan a 1935 ta saka sunan a mujallar Lancet. Ta nuna cewa matsalar tana cikin abincin ne, mai yiwuwa rashin furotin, sinadarin da ke gina jiki, domin yaran da aka kawo da wuri sun farfaɗo da aka ba su madara da man hantar kifi. Dakta Hugh Stannus, wanda ake ji da shi a Landan, ya dage cewa cutar felagira ce ta kasa ganewa. Lokaci ya gaskata ta, ko da yake masana na yau suna ganin ƙarancin furotin kaɗai bai bayyana cutar gaba ɗaya ba.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. Can ta tarar kamfanoni na tura mata cikin kayan nas gida-gida suna tallar madarar gwangwani a madadin nono, jarirai na mutuwa. A 1939 ta tsaya gaban attajiran ƙungiyar Rotary a Singafo ta kwatanta irin wannan talla da kisan kai. Abin lura, madarar gwangwanin ce ta yi wa yara magani da ita a Akara. Abin da ta ƙi shi ne a raba jariri da nonon uwarsa don riba. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar taƙaita wannan talla.

Da Japan ta kame Singafo a 1942, an tsare ta a kurkukun Changi, ta shafe shekara uku da rabi a hannunsu, har da watannin da ta yi wajen 'yan sandan sirri. Yunwar da take yaƙa ta kama ta ita ma, rashin bitamin B1 ya bar mata mutuwar ƙafafu.

A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar mata da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya a Jeneba. Daga baya ta binciki ciwon amai da ɗanyen 'ya'yan itacen ackee ke jawowa a ƙasarta, ta koyar a Landan, Beirut da Amurka. Jami'ar Gana ta ba ta digirin girmamawa a 1986. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.