Malam Ibrahim, malamin Kano da Isawa suka samo asali daga gare shi

Malam Ibrahim malami ne a birnin Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Nazarin Alƙur'ani ya sa ya ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman gari suka yarda, yana wa'azin dawowarsa. An nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa wajajen 1867.

Almajiransa, Isawa, suka watse. Wasu suka nufi ƙasar Ningi, maƙwabciyar Birnin Kudu da Gwaram, wasu kuma ƙasar Zazzau.

A 1913 wasu daga cikinsu suka je wurin Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Nan ne suka tarar da saɓanin da ya raba addinan biyu: Alƙur'ani ya ce ba a gicciye Isa ba, Kiristanci kuwa ya ginu ne kan cewa mutuwarsa hadaya ce domin gafarar zunubi.

Waɗanda suka karɓi Kiristanci sun zauna a Gimi, inda ciwon barci ya kashe da yawa. Daga baya sauran suka koma Wusasa. Wasu Isawan kuwa suka tsaya kan tafarkin malaminsu.